Kwana a Makaranta ko Jeka-ka-dawo: Tarihin Wata Tambaya a Ƙasar Malbaza

Gabatarwa

A kowace shekara, idan damina ta yi nisa, sakamakon jarrabawar birbe da ta bakaloreya ya fito, akan zauna wata shawara a gidaje da dama na Malbaza da Dogarawa da Galmi. Yaro ko yarinya sun ci jarrabawa, an yi murna, an yi sadaka; saura tambaya guda: a ina za su riƙa kwana? Su tare a makaranta, ko a nema musu masauki wurin dangi, ko kuwa su riƙa zuwa suna dawowa gida? Hausawa suna da karin magana biyu da suka ja wa wannan tambaya iyaka. Ɗaya ta ce tafiya mabuɗin ilimi, ɗaya kuma ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wannan maƙala za ta bi diddigin tambayar a yankin Malbaza da Birnin Konni da Illela, cikin jihar Tawa, tun daga zamanin makarantar allo zuwa zamanin jami'a. Abin da tarihin ya nuna shi ne, sau da yawa ba iyali ne ke yanke hukuncin ba. Nisan makaranta da ƙarfin aljihun gwamnati da amanar wanda za a danƙa wa yaro, su ne ke rigan uba da uwa yanke shi.

Zaure da buzun almajiri

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Adar da Konni da Gobir sun san hanyoyi biyu na neman ilimi. Ta farko ita ce makarantar allo ta unguwa, inda yaro ke zuwa zauren malam da safe da yamma, ya ci tuwon gidansu, ya kwana a ɗakin da aka haife shi, iyayensa su ba da kuɗin Laraba. Ta biyu ita ce almajirci, inda uba ke ɗaukar ɗansa ya danƙa wa malami, su bar gari, wani lokaci na rani ɗaya, wani lokaci na shekaru. Dalilin da magabata suka bayar shi ne, yaron da ke kusa da uwarsa gata yakan hana shi haddar karatu, kuma wahalar baƙunta tana horar da zuciya. Sai dai almajirin wancan zamani ba a sake shi haka kawai ba. Yakan sami uwar ɗaki a garin da suka sauka, ya yi mata aike da ɗebo ruwa, ita kuma ta ajiye masa abinci, ta lura da lafiyarsa. Al'umma ce ta ɗauki nauyin da yau ake kira ciyarwa da masauki.

Babban misali yana nan cikin yankin. A Maratta, kusa da Galmi ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754. A gida ya fara karatu: ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa a Degel, ya ci gaba a hannun malaman da mafi yawansu danginsa ne. Daga baya ya bar gida, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar tafiya Makka, sai Shehu ya juyo gida, saboda bai sami iznin mahaifinsa na yin wannan doguwar tafiya ba. A rayuwar mutum ɗaya an ga karatun gida, an ga tafiya neman ilimi, an kuma ga iyakar da yardar iyaye ke sa wa tafiyar.

Mata kuma an nema musu wata hanya. Nana Asma'u, ƴar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin Ƴan Taru. Jajis, wato dattijan matan da ta horar, sukan jagoranci tsofaffi da ƴan mata daga ƙauyuka su zo wurinta, su ɗauki karatu, su koma su isar da shi ga matan aure a cikin gidajensu. Maimakon a raba mace da gida, sai aka sa ilimin ne ya yi tafiyar.

Lakwal ta Nasara: kwana na tilas

Konni ta fara sanin Faransawa ta mummunar hanya. A watan Mayu na 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Konni, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Ba abin mamaki ba ne da mutanen da suka ga wannan suka ƙi amincewa da makarantar da waɗannan baƙi suka kawo daga baya.

Dokar 1903 ta tsara ilimi a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka hawa-hawa: makarantar ƙauye, sai makarantar yanki a babban garin da kwamandan yake, sai manyan makarantu ƴan ƙalilan. Kowane hawa yana ƙara nisanta yaro da gida. Akan umarci sarakuna da masu gari su ba da yara, kuma sananne ne cewa da yawa sun ɓoye ƴaƴansu, suka miƙa ƴaƴan barori da na talakawa. Yaron da aka ɗauko daga ƙauye ba shi da zaɓin jeka-ka-dawo. Ko dai ya kwana a harabar lakwal, ko a ajiye shi a gidan sarki ko na wani ma'aikaci, inda sau da yawa yakan zama ɗan aike kafin ya zama ɗalibi.

Wanda ya yi fice sai a tura shi Yamai, wadda ta zama babban birnin ƙasa a 1926, inda aka buɗe babbar makarantar firamare a farkon shekarun 1930. Ita ce ta rikiɗa ta zama Lise Nasiyonal, wadda yau ake kira Lise Isa Korombe. Wanda ya wuce nan kuma sai makarantar Wiliyam Ponti a Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore daga 1913 kafin a mayar da ita Sebikotan a ƙarshen shekarun 1930. Daga can Bubu Hama da Diori Hamani da Djibo Bakari suka fito. Shi Djibo Bakari, a Tawa ya fara karatu a hannun wani ɗan'uwan iyayensa da ya riƙe shi, kuma bayan ya dawo daga Senegal ya koyar a Birnin Konni. Rayuwarsa ta ƙuruciya ta haɗa riƙo da makarantar kwana, hanyoyi biyu da ɗan boko na wancan lokaci ba ya iya kauce musu. A cikin shekarun 1940 aka buɗe makarantar horar da malamai a Tawa, ita ma ta kwana, wadda ta rage wa ƴaƴan Adar nisan tafiya.

A ɗaya gefen iyaka ma haka abin yake. Kwalejin Katsina, wadda Ingilishi suka kafa a farkon shekarun 1920, ta kwana ce, kuma a cikinta Ahmadu Bello na Raba ya yi karatu. Turawan biyu sun yi tarayya a tunani ɗaya: a keɓe yara kaɗan, a raba su da unguwa, a horar da su don aikin gwamnati.

Zamanin da gwamnati ta zama uwa da uba

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sabuwar gwamnati tana bukatar malamai da likitoci da injiniyoyi cikin gaggawa, makarantun sakandare kuwa ƴan kaɗan ne, duk a manyan garuruwa. Saboda haka makarantar kwana ta zama tsanin da ɗan talaka ke hawa. Gwamnati ce ke ba da gado da abinci da littattafai da kuɗin motar komawa gida lokacin hutu. Abin da iyaye suka gudu dominsa jiya, sai ga shi ana addu'ar a samu. Mahamadu Isufu, wanda aka haifa a Dandaji ta ƙasar Illela a 1952, ya bi irin wannan doguwar hanya daga ƙauye zuwa Yamai, har makarantar injiniyoyin ma'adinai ta Sent-Etiyen a Faransa, kafin ya shugabanci ƙasar daga 2011 zuwa 2021.

A wannan zamani ne Malbaza ta sauya kama. Kamfanin siminti da ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1960 ya tara ma'aikata daga sassa dabam-dabam na ƙasa, ya kuma nuna wa manoman yankin da idonsu abin da takardar shaidar karatu ke kawowa: albashi da gida da daraja. Amma ɗan Malbaza da ya gama firamare sai ya bar gida, ya nufi Konni ko Madawa ko Tawa, in ya kai matakin lise kuma nisan ya ƙaru. Karatun gaba da lise, kafin 1971, sai an ƙetare iyakar ƙasa, zuwa Dakar ko Abijan ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Jami'ar Musulunci ta Say kuma ta fara aiki a 1986. Dukansu suna da nisan fiye da kilomita 400 daga Malbaza.

Ɗakin kwana ya yi abin da aji kaɗai ba ya iya yi. A nan ɗan Adar ya kwana kusa da Bazabarme da Babarbare da Bafulatani da Buzu, suka ci daga tukunya ɗaya, suka koyi harsunan juna, suka fara jin kansu ƴan ƙasa ɗaya. A nan kuma ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa a 1960, ta sami ƙarfinta, domin mutanen da ke kwana wuri ɗaya ba su da wahalar taruwa. Amma akwai abin da aka biya. Yaron da ya bar gida yana da shekara goma sha biyu yakan dawo hutu yana jin nauyin riƙe hauya, yana cusa Faransanci cikin maganarsa, har dattawa su riƙa kallon sa kamar baƙo. Abdu Mumuni da kansa, a littafin da ya wallafa a 1964 kan ilimi a Afirka, ya soki makarantar da aka gada daga Turawa saboda yadda ta raba yaro da rayuwar al'ummarsa, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu.

Da aljihu ya yi rauni

Kuɗin yuraniyom da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 su suka riƙe wannan tsari a shekarun 1970. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga kuma farin 1984, sai gwamnatin Saini Kunce ta shiga yarjejeniyar tsuke bakin aljihu da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Ciyar da ɗalibi da kwantar da shi suna cikin abubuwan da suka fi tsada a kasafin ilimi, don haka aka yi ta rufe ɗakunan kwana na makarantun sakandare, aka maye gurbinsu da ɗan alawus wanda bai cika zuwa kan lokaci ba. A jami'a ma aka taɓa kuɗin tallafin karatu. Ranar 9 ga Fabrairu, 1990, ɗalibai suka fito daga harabar jami'a a gaɓar dama ta kogin Kwara a Yamai, suka nufi cikin birni. A kan gadar Kenedi jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Rage darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya ƙara tsananta wa iyaye da ɗalibai.

Da gwamnati ta janye hannu, sai nauyin ya koma kan tsohuwar al'adar riƙo. Uba ya ɗauki ɗansa ya kai shi Konni ko Tawa wurin ƙane ko abokin fatauci, ko wurin wani mutumin garinsu da ya zama mai masauki, ya bar masa ɗan hatsi da alkawarin aiko da wani bayan girbi. Gidaje da yawa sun riƙe wannan amana hannu biyu-biyu, kuma ma'aikata da yawa na yau a irin waɗannan zauruka suka yi bitar karatunsu. Wasu yaran kuwa sun tarar da gidan da shi kansa abinci bai ishe shi ba, ko inda aikin gida ya cinye lokacin karatu. Waɗansu suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki, su biyar ko shida, suna dafa wa kansu. Malaman makarantun yankin sun san sakamakon: yaro ya shiga ajin farko na kwaleji da ƙwazo, kafin shekara ta zagayo ya koma ƙauye ko ya tafi ci-rani.

Maganin da hukuma ta nema shi ne kusanto da makaranta. Bayan dokar tsara ilimi ta 1998, musamman a cikin shekarun 2000, aka yawaita buɗe kwalejoji a ƙauyuka, wasu a rumfunan zana. Jeka-ka-dawo ta zama abin yi ga dubban yara, a ƙafa ko a keke ko a kabu-kabu. Nisa ya ragu, amma sau da yawa an rasa isassun malamai da littattafai da kujeru.

Jami'a ta matso

A matakin jami'a ma an bi wannan hanya. A ƙarshen shekarun 2000 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha na jami'a a Tawa da Maraɗi da Damagaram, kuma a 2010 aka mayar da su jami'o'i masu cin gashin kansu. A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas da Difa da Doso da Tillaberi. Daga baya aka sa wa ta Tawa sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Ita kanta Malbaza an cire ta daga gundumar Birnin Konni ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011.

Duk da haka, jami'ar Tawa tana da nisan fiye da kilomita 100 daga Malbaza, ta mararrabar Tsarnawa. Ɗan cikin garin Tawa ne kaɗai ke da cikakken zaɓi tsakanin ɗakin jami'a da gidan ubansa. Ɗan Malbaza ko Konni ko Illela abin da ya samu shi ne damar zuwa gida a ƙarshen mako ko lokacin biki da rasuwa, da damar a aiko masa da gero da albasa a motar kasuwa. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne ga wanda yayyensa sai hutun ƙarshen shekara suke ganin gida. Fannin karatu ma yana da nasa hukunci. Tawa ta fi ƙarfi a shari'a da tattalin arziki da gudanarwa da ilimin koyarwa, mai son likitanci kuwa sai ya nufi Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Gadajen da hukumar kula da walwalar ɗalibai ke rabawa ba su kai yawan masu nema ba, shi ya sa ɗakin da aka gina don mutum biyu yakan ɗauki fiye da haka. Ɗakin jami'a kuma ba shi da tabbas irin na gida: a watan Afrilu na 2017, bayan zanga-zangar da ɗalibi ɗaya ya rasu a cikinta, an rufe harabar jami'ar Yamai, a watan Maris na 2020 kuma annobar korona ta sa aka sallami ɗalibai duka. Waɗanda suka fito daga nesa su suka fi jin jiki.

Akwai wata ƙofa ta kudu. Sakkwato, inda aka kafa jami'a a 1975 wadda yau ke ɗauke da sunan Usmanu ɗan Fodiyo, ta fi kusa da Konni a kan Tawa, kuma iyalai da yawa suna da dangi a can. Amma iyaka tana da nata halin. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, har cikin Maris 2024.

Ƴa mace da komawar makarantar kwana

A kan ƴa mace tambayar ta fi nauyi. Uban da zai yarda ɗansa namiji ya kwana a zauren wani, ba lalle ya yarda ƴarsa ta zauna a gidan da bai san tarbiyyarsa ba, ko ta riƙa tafiyar kilomitoci ita kaɗai a kan hanya. Idan ƙauye ba shi da kwaleji, sau da yawa karatun yarinya yakan tsaya a ƙarshen firamare, aure ya biyo baya. Dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamba na 2017 ta ɗora wa hukuma alhakin kare karatun yarinya har ta kai shekara 16, amma doka ba ta ba da wurin kwana. Wannan ne ya sa Mohamed Bazum, wanda ya yi mulki daga 2021 zuwa 2023, ya ɗauki alkawarin gina makarantun kwana 100 na ƴan mata, kuma cikin na farko akwai ta Kelle a jihar Damagaram da ta Mujiya a jihar Tawa. Tsarin da aka rushe a shekarun 1980 saboda tsada, shi aka koma nema bayan kusan shekara arba'in, saboda an ga abin da rashinsa ya jawo.

Kammalawa

Daga zauren malam zuwa ɗakin jami'a, abubuwan da iyaye ke aunawa ba su sauya sosai ba. Zama a gida yana rage kashe kuɗi, yana barin yaro a ƙarƙashin idon iyayensa, yana kuma barin hannunsa a gona da lambun albasa. Amma aike da baƙi da rashin fitila da gajiyar hanya suna cin lokacin karatu. Kwana a makaranta yana ba da lokaci da abokan bita da sanin mutane. Amma yana bukatar gwamnatin da za ta biya a kan kari, da masu kula waɗanda iyaye za su amince da su. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ɗan talaka da ƴa mace ne ke fara faɗuwa.

A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu suke da abin yi wanda ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Ƙungiyoyin ƴan asalin Malbaza da Konni da Illela mazauna Tawa da Yamai da Maraɗi suna iya tsara masauki maimakon a bar kowane uba da nasa laluben: a san gidajen da ke karɓar ɗalibai, a taimaka musu da hatsi bayan girbi, a naɗa dattijo ko dattijuwa da za su riƙa leƙa yaran suna sanar da iyaye halin da ake ciki. Mushen da ya san ɗalibinsa kuma yana iya tambayar inda yake kwana da abin da ya ci, tun kafin ya tambayi dalilin faɗuwar makinsa. Uwar ɗakin almajiri da jajin Nana Asma'u sun yi irin wannan aiki a wannan ƙasa tun ba a san allon bango ba.